Baba Mai Jinyar Kifi

Ranar da mahaifina ya rasu, kusan duk wanda ya shigo gaisuwa da maganar kifi ya shigo. Mata su durƙusa su ce Allah ya jiƙan tsoho, ya ba mu haƙuri, kafin in rufe baki da amin sai su ɗora da cewa mutumin da ko kifi ba ya iya gani yana wahala, ai wannan sai dai fatan alheri. Daga zaure ina jiyo maza su ma a kan haka suke. Wani dattijon Bagwari maƙwabcinmu, wanda tun suna samari suke tare da Baba ko da yake shi coci yake zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido da hularsa, ya ce yau har kifin rafi ya zama maraya. Wasu suka yi dariya cikin kuka.

Ina zaune kusa da ɗakin da aka shimfiɗe Baba, duk wanda ya ambaci kifi sai in ji kamar ya taka mini gyambo. Gwaggo, ƙanwarsa ɗaya da ta rage, tana lura da ni. Ta matso ta raɗa mini cewa masu wanka sun kusa isowa, in daure in shiga in ce na yafe masa kafin a fita da shi. Duk gidan an san abin da ke tsakanina da shi, an kuma san shekara da shekaru ban furta wannan kalma ba. Ɗana na fari a hannunsa ya mutu, kuma kifi ne sanadi.

Ina so a tuna da mahaifina, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Amma ba zan faɗi rabinsa in rufe rabi ba, don ba rabin mutum ne ya haife ni ba.

Ina ƙarama Baba ya bar ƙauyenmu da ke bakin daji ta wajen Gayam, ya bi wani Bature mai neman zinariya yana yi masa girki. Baturen ya koma Ikko ya tafi da shi, daga hannun wannan ya faɗa hannun wani, sai jefi-jefi yake leƙo gida. Bai dawo gaba ɗaya ba sai bayan an sami mulkin kai, da maigidansa na ƙarshe ya tattara ya koma ƙasarsu. Gari ya zuba ido a ga ko keke ya kawo ko rediyo. Sai ga shi ya sauko daga mota rungume da wani akwatin gilashi naɗe a bargo, babu komai a ciki. Inna ta zagaya akwatin ta sake zagayawa, ta tambaye shi ko tuwo ake zubawa a ciki ko miya.

A irin wannan akwati, in ji shi, maigidansa yake kiwon dokin teku. Wani ɗan kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, kansa sak na doki, wutsiyarsa irin ta hawainiya da yake naɗe ciyawa da ita, kuma a tsaye yake iyo. Har nan mutanen zaure suna iya haɗiyewa. Inda ake ɓarkewa da dariya shi ne in ya ce namijin ne yake ɗaukar ciki ya haihu. Liman ya taɓa ce masa ya ji tsoron Allah, girma ya kama shi. Matan gari kuwa suka aiko cewa in da gaske ne, a taimaka a kawo musu iri. Daga nan suna ya bi shi, yara da manya Dokin Teku suke ce masa a bayan ido, shi kuwa ko a jikinsa.

Aikinsa a can, bayan girki, shi ne ɗebo ruwan teku a garwa da kamo ’yan mitsi-mitsin jatan lande masu rai, don dokin ba ya cin mushe. Sai kuma jinya. Ya ce ciwon da ya fi kashe su iska ce da ke taruwa a jakar cikin namijin, sai ka gan shi ya taso saman ruwa yana lilo, ba ya iya nutsewa ya ci abinci, har yunwa ta gama da shi. Baba sai ya riƙe shi a tafin hannu a ƙarƙashin ruwa, ya buɗe bakin jakar da tsinken gashin uwargida, ya riƙa shafa cikin da ɗan yatsa har kumfar ta fita. In kuma ƙwari ne suka maƙale masa a fata, sai ya tsoma shi a ruwan sha na ɗan lokaci ya mayar. In yana kwatanta mana, manyan hannayensa masu kanta sukan yi sanyi, har numfashi yake ɗaukewa, kai ka ce dokin na nan a tafinsa.

Akwai wani ɓangare na labarin da muka fi so, don a ganinmu wayo ne. Farkon zuwansa gidan, doki ɗaya ya taso, shi kuma ya ruga ya gaya wa maigida. Kafin yamma dokin ya mutu. Baturen ya kwaɗa masa mari a gaban baƙi, marin da ya sa kunnensa na hagu bai ƙara ji sosai ba. Tun daga ranar Baba ya shiga taitayinsa. Kullum yakan riga kowa tashi ya duba akwatin, wanda ya ga ba shi da lafiya sai ya ɗauke shi shiru ya kai bayan kicin a kwano, ya yi jinyarsa, sai ya warke ya mayar. In an duba an ga babu ɗaya, ya ce yana bayan dutsen da ke cikin akwatin.

“Har ya bar ƙasar nan,” yakan ce yana buga ƙirji, “bai ƙara ganin marar lafiya da idonsa ba.”

Mu yi ta tafi muna dariya. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Da yake babu teku a Birnin Gwari, sai ya cika akwatinsa da ’yan kifayen rafi. Kafin wani lokaci bayan ɗakinsa ya cika da tsofaffin randuna da kasake, kowane da majinyacinsa. Nan kuma maganin ya juya: kifin teku ruwan daɗi ke kashe masa ƙwari, kifin rafi kuwa gishiri. Inna ta sha ɓoye gishirinta a ƙasan tukunyar daddawa, shi kuma ya sha gano wurin, mu kuma mu sha miya lami. Yakan tsuguna a gaban kasko tun hantsi har inuwa ta juya yana kallo kawai. In ka tambaye shi abin da yake kallo sai ya ce kifi ba ya kuka, in ba ka kalle shi ba ba za ka san komai ba. Yara sukan kawo masa wanda ƙugiya ta yaga wa baki don tsokana, ya karɓa da hannu biyu ya yi musu godiya, har su ji kunya.

Wata shekara da rani samarin gari suka daka magimfa, ganyen nan da ake zubawa a ruwa kifi ya bugu ya taso, za su zuba a gurbi ɗaya da ya rage a rafi. Baba ya ji labari, ya tafi da rigarsa da wandonsa ya shiga ruwan har ƙirji ya tsaya. Ya ce su kawo koma, ragar kamun kifi, su kama abin da za su ci, amma magimfa ba ta bambance babba da ƙarami, wanda zai zuba sai dai ya zuba a kansa. Aka zage shi, aka kira shi yaron Bature, wani ma ya jefe shi da laka. Bai motsa ba har rana ta yi sanyi suka watse. Rabin gari bai gaishe shi ba sai da damina ta faɗi. Na yi alfahari da shi a ranar, har yanzu kuma ina yi.

Amma wanda ya zauna da shi ya san ɗayan halin. Baba ba ya kawo mummunan labari. Akuya ta mutu a turke, sai ka ji wari kafin ka ji daga bakinsa. Gara ta ci rumbu, sai ya toshe wurin da laka ya yi shiru, sai ranar da aka zo ɗibar hatsi. In Inna ta yi faɗa sai ya ce ai so ya yi ya gyara tukuna. Muna ɗaukar abin kamar yadda ake ɗaukar ɗingishin tsoho, a yi tsaki a wuce.

Na yi aure a cikin garin Birnin Gwari. Da ɗana ya isa yaye, na kai shi gida kamar yadda aka saba. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ko kallonsa sai na faki ido. Abin da kunya ta hana ni, Baba ya yi shi ninki biyu. Ɗan ƙwace yake ce masa, wai ya zo ya raba shi da matarsa, kullum suna rigima a kan wa Inna za ta fara zuba wa koko. Yakan saɓa shi a wuya ya kai shi gaban akwatin, yaron ya manna hanci a gilashi har ya yi barci a tsaye. Da yaye ya ƙare na aika a kawo mini shi, Baba ya zo da kansa har gidana ya ce, “Uwata, ki bar mini shi ya ƙara wayo.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na bar masa shi, da daɗin raina kuwa.

A ƙauyenmu kowace rijiya da tarwaɗarta. Ana jefa ta tun tana ƙarama ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin ruwa, amma babban aikinta gadi ne. Tun muna yara aka koya mana cewa in ka leƙa ka ga tarwaɗa ta juya ciki sama, ka ajiye guga ka kira mutane, a rufe rijiyar, ba a ƙara sha sai an yashe. Ta gidanmu Baba ne ya raine ta da hannunsa kafin ya jefa ta, ta yi girma har ta kai damtsen mutum.

Da damina ne, lokacin feshin auduga, shekarun da maganin ƙwari na gwangwani ya fara shigowa ƙauyuka. Wata safiya Baba ya riga kowa zuwa rijiya kamar kullum, ya tarar da tarwaɗar a sama tana lilo, farin cikinta a waje. Ya san dokar sarai, shi ma ɗan garin ne. Amma hannunsa ya riga kansa. Ya zura guga ya ɗauko ta, ya kai bayan ɗaki ya sa a randar ruwan sama, ya barbaɗa gishiri, ya rufe da faifai, bai gaya wa kowa ba. Daga baya ya ce wai wani ɗan miki ya gani a gefenta, ya ɗauka ciwon nata ne ba na ruwan ba, ya ce bari ta warke tukuna kada a tayar wa mutane da hankali.

Gida ya ci gaba da sha. Ruwan ya ɗan yi warin kananzir, Inna ta ce sabon gugan roba ne. Manya suka fara jiri da ciwon kai da tashin zuciya, aka ce zazzaɓin damina ne. Shi kuwa yaron ƙarami ne, da jikinsa ya yi zafi sai aka yi ta ɗura masa ruwa, ruwan rijiyar nan. Sai jijjiga ta kama shi, ta saki ta sake kamawa. Aka aiko mini. Motar da na shiga ta kafe a laka tun ba mu yi nisa ba, na sauka na tattare zani na bi ta cikin daji da ƙafa. Ina isa bakin gari na yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, fartanya a kafaɗa. Suka kauce mini hanya ba wanda ya ɗago kai. Ban ga ɗana ba, ko ƙafarsa.

Ban yi kuka a gaban kowa ba, ba a yi wa ɗan fari. Mata suka yi ta yaba dauriyata. Da zan iya da na yage musu baki.

Muna cikin zaman makoki akuyar maƙwabta ta sha ruwan da aka zubar a bakin rijiya ta faɗi tana shure-shure. Sai a lokacin aka rufe rijiyar aka kira mai yasa. Ya shiga, ya daɗe, ya fito da wani gwangwanin maganin feshi da tsatsa ta huda murfinsa. Wa ya jefa shi, ko a hannun wa ya suɓuce wajen ɗiban ruwan feshi, har yau ba wanda ya ce shi ne. Ina tsaye cikin mata a bakin danga ina kallo. Mai yasa ya zauna yana goge jiki, ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne bai ga tarwaɗar ba, ko ƙashinta, da tana nan ai da ta daɗe da tona asirin ruwan.

Sai Baba ya ce, a hankali, kansa a sunkuye, hannayensa a baya kamar mai ba maigida rahoto:

“Tana wurina. Ta warke.”

Na ratsa mutane na tafi bayan ɗakinsa. Na ɗaga faifan da ke kan randa, ga ta nan baƙa wuluk, tana kaɗa gashin baki, lafiyarta ƙalau. Ya biyo ni ya tsaya daga nesa. Na tambaye shi yaushe ya cire ta. Ya ce tun kafin kowa ya fara ciwo. Na tambaye shi ko da yaron yana jijjiga a cinyarsa bai tuna ba. Ya ce ya tuna, amma a lokacin bakinsa ya yi nauyi, ya ga in ya faɗa yanzu za a ce me ya hana shi faɗa tun farko. Na mayar da faifan na rufe, na ɗauki mayafina na kama hanyar gida ban yi wa kowa sallama ba.

Ba wai na yanke zumunci ba ne. Ina zuwa da Sallah, ina aika masa goro da sabulu, da Inna ta rasu ni na tsaya a kan komai. In na shiga nakan durƙusa in gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Bai ƙara ce mini Uwata ba, ni kuma ban nema ba. ’Ya’yan da na haifa daga baya, babu wanda na kai yaye gidan. Dangi sun yi ta safa da marwa, masu cewa ƙaddara ce, masu cewa uba uba ne. Na san ƙaddara ce. Na kuma san wanda ya ga alama da idonsa ya rufe ta da faifai.

Na so a ce ya fasa akwatin nan ya zubar da randunan. Bai yi ba, ya ci gaba da jinyarsa, don ban da ita bai san abin da zai yi da hannayensa ba. Labarin dokin teku ne kawai ya mutu a bakinsa, ko an tsokane shi a zaure sai ya juya musu kunnen da ba ya ji. Ya haƙa sabuwar rijiya shi kaɗai, ya ƙi karɓar taimako, bai kuma sa mata tarwaɗa ba. Kullum da safe shi zai fara jawo guga, ya cika moɗa ya shanye, ya zauna a bakin rijiyar yana jira. Ba wanda ya isa ya ɗiba sai ya miƙe ya ce a ɗiba. Mata suka yi ta ƙorafi yana ɓata musu safiya, bai fasa ba har ƙarfinsa ya ƙare. Gwaggo ta kawo mini wannan labari tana tsammanin zuciyata za ta yi laushi. Ta yi, kaɗan, amma ba ta kai bakina ba.

Ciwon ajalinsa ma ɓoye shi ya yi. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka cika, ya riƙa zumbula babbar riga ko da zafi, yana wanke wandonsa da kansa kada a ga jini. Sai da ya faɗi a bakin rijiya aka sani. Na zo na tare a gidan. Ni ke dama masa kunu, ni ke juya shi, ni ke wanke shimfiɗa. Ba zan ce na yi don nuna wa duniya ba, mahaifina ne, kuma ina sonsa, ban taɓa daina sonsa ba, wannan ne ma ya sa abin ya ƙi warkewa. Wata rana da la’asar ina ba shi kunu ya riƙe mini hannu, ya dube ni, ya ce akwai maganar da yake so ya roƙe ni. Na san maganar. Na ce ya sha kunun kada ya huce. Ya saki hannuna ya sha. Bai sake tayar da ita ba, ya koma shirunsa da ya saba, har safiyar da Allah ya karɓi abinsa.

To, ga ni zaune a bakin ƙofa, mutane na ta yabon tausayinsa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai yaro ya leƙo daga zaure ya ce masu wanka sun iso. Gwaggo ta kama ni a kafaɗa, wannan karon ba raɗa ta yi ba.

“Ke ’yar nan, in an fita da shi ba ya dawowa. Kada ki bar ɗan’uwana ya kwanta da wannan kaya.”

Na tashi na shiga, ta biyo ni ta tsaya a baya. An rufe shi da farin zani, ya ƙanƙance, hannayen nan sun kwanta a gefensa ba abin da za su ƙara ɗauka. Na zagaya ta damansa, wajen kunnen da yake ji, na durƙusa. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Gwaggo ta yi gyaran murya.

Na ce, “Baba, Uwarka ce. Abin da ka yi mini, ni dai na yafe, duniya da lahira. Amma na yaron ba nawa ba ne, ba ni da ikon bayarwa. Inda yake can za ka, ka tambaye shi da bakinka, kuma ka gaya masa duka, kada ka jira sai ka gyara.”

Gwaggo ta ce wannan wace irin yafiya ce, rabi da rabi? Na ce iyakar abin da ke hannuna ke nan. Daga nan kuka ya zo mini, kukan da ban yi ba tun ranar da na haɗu da masu fartanya a bakin gari, na kira sunan ɗana da ƙarfi a cikin ɗakin, karo na farko a rayuwata, duk gidan suna ji. Ba wadda ta ce mini kunya.

Allah ya jiƙan mahaifina, ya sanyaya masa makwanci, ya duba tausayinsa ya rufe masa shirunsa. Ba na jin tsoron haɗuwarsu. Yaron mai saurin haƙuri ne, ya fi uwarsa.